Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnatin Kano da Masarauta a kan Dutsen Dala

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Gwamna, iyayenmu na Masarautar Kano Allah ya ja zamaninku, mai girma shugaban ƙaramar hukumar Dala, da ma'aikatan hukumar tarihi da al'adu ta jiha haɗe da takwarorinsu na hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa da fatan kuna lafiya. Da gangan na haɗa ku duka a takarda ɗaya, don ita kanta matsalar daga nan ta samo asali, kowannenku yana da hannu a Dutsen Dala ta wata fuskar amma yau in ka tare mutumin Madigawa ko Yalwa ko Adakawa ka ce masa malam wai wa ke kula da dutsen nan, amsar da za ka samu ita ce oho, wani ya ce na gwamnati ne, wani ya ce ai na Sarki ne, wani ya ce ƴan Abuja ne suke da shi a takarda. To abin da kowa ke da shi ai ba mai shi ke nan.

Bari in fara da abin da nake ganin an fi mantawa da shi. Mu dai mun taso muna cewa dutse, dutse, har ya zauna mana a kai cewa abu ne da ba abin da zai same shi har tashin duniya. Alhali Dala ba irin dutsen Zuma ba ne ko na Kwatarkwashi da suke curi guda na baƙin dutse, wanda in an shekara dubu ana ruwa a kansa sai dai ya wanke. Dala marmara ce, jar ƙasa mai tama a ciki, samanta ya daskare ya yi tauri ya kwanta a shimfiɗe, shi ya sa in ka hau za ka ga fili a sama ba tsini ba, amma ƙarƙashin wannan ɓawon ƙasa ce mai laushi da ruwa ke iya ci. Duk damina ruwan da ya sauka a sama dole ya nemi hanyar gangarowa, inda ya bi bara nan zai bi bana sai dai ya ƙara zurfi ya ƙara faɗi, in ya rarake ƙasan sai ɓawon saman ya rasa abin da zai zauna a kai ya ɓalle ya faɗo. Wanda duk ya san dutsen nan yana yaro ya dawo ya kalle shi yanzu da furfura a gemu, ba sai an yi masa bayani ba, kwazazzaban da ke jikinsa sun ishe shi. A littattafai za ka ga an rubuta tsayinsa mita 534, gaskiya ne amma daga gaɓar teku ake aunawa, birnin Kano kansa yana kan tudun da ya kai wajen mita 480, ka ga ke nan ainihin abin da ya taso sama da rufin gidajenmu ba wani mai yawa ba ne da za a ce a bar shi ya yi ta zubewa ba zai ƙare ba. Zai ƙare fa.

Kuma wannan jar ƙasar da muke rainawa ita ce dalilin da ya sa aka yi Kano a nan ba a wani wuri ba. Mutanen farko ba don iska mai daɗi suka zauna a gindin Dala ba, tama suka gani. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun samu burbushin wuraren narka ƙarfe a gindin dutsen, da aka auna shekarunsu sai aka ga sun koma har wajen ƙarni na 7 miladiyya, wato ana hura wuta ana fitar da ƙarfe a wajen nan shekara ɗari uku da wani abu kafin Bagauda, sarkin Kano na farko, ya iso a 999. Labarin da maƙeran Kano suka gada na Abagayawa ma haka yake cewa, kakansu maƙeri ne ya taso daga Gaya yana neman tama ya same ta a nan ya zauna. Ƙarfen nan shi ne fartanya da garma da aka nome ƙasar Kano da su, shi ne gatari, shi ne mashi da kibiya, in akwai abinci da makami kuma jama'a za su taru, in jama'a suka taru kasuwa za ta ci. Duk wannan kirarin da muke yi wa kanmu na cibiyar kasuwanci, ko da me ka zo an fi ka, to masana'antar farko a garin nan a gindin Dala take, ba a Bompai ko Sharaɗa ba. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yaro zai gama sakandare a cikin birni ya san sunan Barbushe ya san Tsumburbura, amma maganar maƙeran nan bai taɓa jin ta ba.

Shi labarin Barbushe kuwa ai sananne ne, yana cikin tsohon kundin tarihin Kano da aka rubuta da Larabci wanda Bature Palmer ya fassara ya buga a 1908. A ciki aka ce wani mutum mai suna Dala ya zo ya gina gida a kan dutsen, daga zuriyarsa aka samu Garageje, aka samu Buzame, aka samu Barbushe, ƙato baƙi maharbi da aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka ya taho. Shi ne babban mai tsafin Tsumburbura, wadda aka kewaye bishiyarta da katanga ba mai shiga sai shi, ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara, jama'a su taru a gindin Dala da baƙaƙen awaki da baƙaƙen kaji da karnuka, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekarar, har aka ce shi ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, in ba a zamaninsu ba to a zamanin ƴaƴansu. Aka yi Bagauda, aka yi jikansa Gijimasu da ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134 ya fara ginin ganuwa, ganuwar farkon nan kuma Dala ta kewaya, don shi ne tsakiyar gari a lokacin, daga kansa ake hango ƙurar mahara tun suna nesa. Sarki Tsamiya a farkon ƙarni na 14 shi ya fasa wurin tsafin, zamanin Yaji Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci aka tsayar da salla, sannan Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ganuwa ya gina Gidan Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi, daga nan nauyin gari ya karkata kudu, Dala ya zama yana gefe yana kallo. A 1851 Baturen Jamus Heinrich Barth ya hau kansa ya zana hoton birnin, a lokacin ya ƙiyasta mazauna Kano wajen 30,000 ne kuma cikin ganuwa akwai gonaki da filaye fetal. Yau ka hau ka duba ko'ina kwano ne da bulo har iya ganinka, sai Gwauron Dutse can yana leƙowa da hasumiyoyin masallatai.

Yanzu bari in taɓo inda ake jin nauyin taɓawa, Allah ya huci zuciyar malamanmu. Ina da yaƙinin cewa wani ɓangare na sakacin da ake yi da Dala ba rashin kuɗi ba ne, ƙyama ce a ɓoye, ana ganin wurin tsafi ne, duk wanda ya ce a gyara kamar yana so a raya jahiliyya. Na sha jin wannan a majalisa, wani ma har cewa yake gara ya rushe a huta. To ni dai ban ga ta inda gyara magudanar ruwa ya zama bautar gunki ba. Tsumburbura an gama da ita shekara kusan 700 da suka wuce, sarakunan Kano da kansu suka gama da ita, kuma sarakunan da suka biyo baya har da na bayan jihadi irin su Ibrahim Dabo, mutanen da ba wanda zai ce ya fi su kishin addini, ba wanda ya ce a baje dutsen. Ƙasa ce Allah ya halitta, mutane suka yi shirka a kanta a wani zamani, Allah ya kawo haske aka daina. In ma don wa'azi ne, ina wurin da ya fi dacewa malami ya tsaya da ɗalibansa ya ce ku duba nan kakanninku suke yanka baƙin bunsuru, ga kuma masallatai nan da ba sa ƙirguwa sun kewaye wurin, ku gode wa Allah? Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Saudiyya ma da muke koyi da ita tana kula da Mada'in Salih har ta shigar da shi jerin wuraren tarihi na duniya a 2008.

Kuma su jama'ar gari ai ba su taɓa barin dutsen ba. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ku zo ku ga yadda yara da ƴanmata da samari suke tururuwa suna hawa cikin kwalliya, matakalar nan ta cika maƙil wasu ma ba ta matakala suke bi ba ta gefe suke darewa suna riƙe da ƙannensu. Malamai suna da saɓani a kan bikin, wannan fagensu ne ban shiga ba, abin da na sani shi ne ko an so ko ba a so yaran nan za su hau, kuma dubban ƙafafu a rana ɗaya a kan ƙasar da ruwa ya riga ya rarake abin tsoro ne, gefen saman babu wata kariya ta kirki da za ta tare yaro in an yi turereniya. Kada a jira sai an yi jana'iza sannan a kafa kwamiti.

Sauran ranakun shekara kuwa, wallahi abin kunya ne in ka kai baƙo. Leda da robar ruwa ko'ina, wani gefen ya zama juji, wani gefen ya zama banɗaki sai ka toshe hanci ka wuce, gine-gine sun matso sun matso har sun hau jikin dutsen, wasu katangarsu ta baya ma dutsen ne. Da yamma ta yi kuma akwai lungunan da mai mutunci ba ya bi saboda masu shaye-shaye sun mayar da su majalisa. Na taɓa raka wani abokin kasuwancina mutumin Damagaram da ya nace sai ya ga Dala don tun yana yaro yake jin sunan a bakin kakarsa, muka hau muka sauko bai ce komai ba, sai da muka shiga adaidaita ya ce min Alhaji dama haka kuka bar shi? Ban samu abin ce masa ba. Ba wanda ya tare mu ya ba mu tarihi, ba allo mai bayani na kirki, yaran da suka biyo mu suna ba mu labarin rijiyar da ke sama da aljanun da ke ciki kowa da irin nasa, su ma don a ba su na alewa ne.

Ban ɗora wa talakan da ke zaune a gindin dutsen laifi duka ba fa. Mutumin da gidansa ɗaki biyu ne da iyali goma sha, babu masai isasshe a unguwa, babu inda motar kwashe shara take iya shiga saboda lungu, ina kake so ya kai? Wanda ya ɗebi jar ƙasa ya yi yaɓe kafin damina shi ma ba ƙiyayya yake yi da tarihi ba, katangarsa yake ceto. Haka aka yi da ganuwa muna kallo, ana ɗiba kaɗan-kaɗan ana yanka filoti har wasu wuraren sai dai a nuna maka a ce da nan badala ce, wasu ƙofofin kuma aka rushe aka sake su da siminti. Jakara da kundin tarihin nan ya kira Kurmin Baƙin Ruwa yau kwata ce. Saura Dala, shi ma don ya fi ƙarfin a kwashe shi a dare ɗaya ne.

Abin haushin kuma sunan kowa na so. Ƙaramar hukuma Dala, asibitin ƙashi Dala, makarantar ƴanmata Dala, gidan rediyo Dala, tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a 2023 ita ma Dala aka sa mata duk da tana can Zawaciki, shaguna da kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwallo kuwa ba a magana. An mayar da shi kamar tsohon da ƴaƴa ke cin abinci da sunansa a gari shi kuma yana kwance a zaure ɗaki na yoyo.

Tun 2007 Najeriya ta miƙa sunan ganuwar Kano da wuraren da ke haɗe da ita, ciki har da Dutsen Dala da kasuwar Kurmi da gidan Sarki, a jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO. Jerin jira fa, ba shiga ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne in ji masu iya magana, kuma har yau a nan muke tsaye. Sukur ta jihar Adamawa ta shiga tun 1999, kurmin Osun na Osogbo ya shiga 2005, ƴan'uwanmu na Agadas da gine-ginensu na ƙasa irin namu suka shiga a 2013. Ba fin mu tarihi suka yi ba, sun dai nuna akwai iyaka a shate, akwai doka, akwai wanda za a kama in abu ya lalace. Kuma Kano ta iya in ta ga dama, ai ga hawan Sallah nan an shigar da shi jerin al'adun duniya a 2024 kowa ya yi murna. Bambancin kawai shi hawa yana da masu shi, akwai wanda ransa zai ɓaci in doki ya fito ba kwalliya.

Don haka roƙona na farko ba kuɗi ba ne, ku zauna a tsakaninku ku fitar da hukuma ɗaya tak ku ce ita ce mai Dala, a sanar a rediyo, a ba ta ofis ko ɗaki ɗaya ne a gindin dutsen da ma'aikaci da za a iya samu ran Litinin da safe, sauran hukumomin su zama masu taimaka mata. In an yi wannan sai a zo kan ruwa. Don Allah don Annabi kada a fara da fenti da fitilun sola da ƙatuwar ƙofa mai hoton wani, mun san irin wannan kwangilar, a yanka kintinkiri a ɗau hoto damina biyu ta wanke komai. A fara kawo injiniyoyin da suka san zaizayar ƙasa, Jami'ar Bayero tana nan cikin gari, su auna inda ruwa ke bi a yi masa hanya ya sauka ba tare da ya ci jikin dutsen ba, a cike kwazazzaban da abin da ya dace, a dasa ciyawa da ƙananan itatuwa masu riƙe ƙasa inda za su kama. Kuma kada wani ya ce maganin shi ne a lulluɓe dutsen da kankare gaba ɗaya, in aka yi haka an binne shi ne da ransa, marmarar nan ita ce abin da ake zuwa gani. Kafin a sa katafila ko a haƙa ko da rami ɗaya ne a kira masana binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, akwai sashensu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, don ba wanda zai ce ga iya abin da ke binne a gindin nan, in tela ya ɓata yadi a sayo wani amma murhun maƙeri mai shekara 1,300 in lebura ya fasa shi da diga shi ke nan.

Maganar gidajen da suka hau jikin dutsen, a bi a hankali iyayenmu. A shata iyaka yau a ce daga nan ba ƙari, wannan ba ya buƙatar rushe ɗakin kowa. Waɗanda suke inda ƙasa za ta iya rufto musu kuwa, a zauna da su da masu unguwanni da limamai a biya su diyya ta gaskiya a ba su wani wurin, ba a zo da asuba da jami'an tsaro ba. In aka mayar da mutanen unguwa abokan gaba to ko katangar ƙarfe aka yi sai an fasa ta. A gina musu banɗakunan jama'a masu ruwa, a sa wurin zuba shara da ake kwashewa da baro ko kura tunda mota ba ta shiga, sannan ne za a iya hukunta wanda ya ɓata wurin da hujja.

Su kuma samarin da ake kuka da su a kan dutsen, a cikinsu za a ɗebi masu gadi da masu yi wa baƙi jagora, don ba wanda ya san lungu da saƙon wurin kamar su. A kai su Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a koya musu tarihin na gaskiya daga maƙera zuwa Rumfa, a ba su riga da katin shaida da ɗan albashi, baƙo ya biya kuɗin tikiti kaɗan a ba shi rasit, ɗaliban makaranta da yaran unguwa su hau kyauta. Abeokuta haka suke yi da dutsen Olumo, har na'urar hawa suka sa, mu ba ma sai mun kai can ba, matakala mai ƙarfen riƙewa da kariya a gefen sama da inuwar da tsoho zai zauna ya huta sun wadatar. A kuma sa makarantun firamare da sakandare na cikin birni su riƙa kai yara ko sau ɗaya kafin su gama, Islamiyyu ma haka.

Masarauta kuma, ranku ya daɗe, ku ne kuke da abin da gwamnati ba ta da shi, in hakimi ya kira dagatai da masu unguwanni ya ce daga yau ba ɗibar ƙasa a jikin Dala, maganar za ta fi takardar ma'aikatar muhalli shiga kunne. Attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau da kamfanonin da ke amfani da sunan, in aka ga hukuma ɗaya tsayayya da asusu da ake bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita, na tabbata za su sa hannu, abin da suke gudu shi ne kuɗinsu ya bi ruwa.

Ana shirya kasafin kuɗi duk ƙarshen shekara, ina roƙon a sa Dala a layinsa na kansa da sunansa, ba a cusa shi cikin wani dunƙulallen kaso na yawon buɗe ido ba, kuma aikin magudanar ruwan a yi shi da rani kafin ruwan farko ya sauka. Kariyar gefen sama kuwa ko ta wucin gadi ce a kafa ta kafin Takutaha mai zuwa, tare da ƴan agaji a kan matakala da za su riƙa tsara hawa da sauka.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Wassalam,
Naku, wani ɗan cikin birni mai sana'a a Kurmi.